Bolt ɗaya da ya ɓace tsakanin altaneta da batir

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Tun da hunturun nan ya kankama motar ta fara ƙin tashi da safe. A murɗa makulli, kik ya juya da ƙyar, ya tsaya, sai ƙas-ƙas. In an ciro batir an kai wa mai caji ya kwana, sai ta ɗan kwana biyu tana tashi lafiya, daga nan a koma gidan jiya. Tsohuwar motar Jamus ce 'yar Kwatano, ƙirar 1996, injin fetur, kuma aikinta bai wuce daga Tudun Wada zuwa Samaru a nan Zariya da kai yara makaranta ba. Batirin bai daɗe a cikinta ba.

Akwai wata alama da ta tsaya mini a rai. Jar fitilar batir ta dashbod tana kamawa in an buɗe makulli, tana mutuwa in inji ya tashi, kamar yadda ya kamata. Amma da dare, in na kunna manyan fitilu da fanka, sai in ga ta ɗan yi ja-ja, ƙasa-ƙasa, sai ka ƙura ido kake ganinta.

Shawara kam na sha ta. Mai caji ya ce batir ya gaji. Maƙwabcina direba ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki, in tafi Sabon Gari in ɗauko 'yar Baljiyam in huta. Kowannensu yana iya yin gaskiya, sai dai babu wanda ya ɗora mita a kan motar kafin ya yanke hukunci, kuma a tsadar nan kuɗin batir ko altaneta ba abin da mutum zai zuba a kan zato ba ne. Na yanke cewa ba zan sayi komai ba sai awo ya nuna shi. Ina da 'yar mita irin ta masu gyaran rediyo, ita zan yi aiki da ita, kuma zan riƙa rubuta abin da ta nuna.

Awon yau, inji a kashe: bolt 12.1 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Batirin mota gida shida gare shi, kowane gida yana ba da kamar bolt 2.1, saboda haka cikakke mai lafiya 12.6 yake nunawa. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. In ya sauka 12.0 saura ƙiris. Mutane kan ga 12 a mita su ce ai batir bolt 12 ne, lafiyarsa ƙalau, alhali a lokacin ya kusa ƙarewa. Na ciro shi na kai caji.

Litinin, 6 ga Janairu

Na karɓo batir jiya da yamma, na bar shi ya kwana ba a haɗa shi da komai ba. Wannan hutun yana da amfani, don batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu yakan nuna 13 da wani abu, lambar da ba tasa ba. Da safe 12.6. Na ɗora shi, na sa ƙanena ya murɗa makulli ina kallon mita: ya sauka 10.5 lokacin da kik ke juyawa, ya dawo. Muddin bai faɗi ƙasa da 9.6 ba, batir yana iya ɗaukar nauyi. To, ba shi ne tushen ciwon ba.

Sai na duba ko akwai abin da ke tsotsar wuta in mota tana ajiye. Na cire kan nagetif, na sa mita tsakaninsa da wayarsa, ƙofofi a rufe, komai a kashe. Amfiya 0.03, wato yawan wutar da ke gudana ke nan. Agogo da rediyo ne kawai ke ci, kuma duk abin da bai wuce 0.05 ba ba a damuwa da shi.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne na inji a kunne. A silo, kan batir ya nuna 12.9. Da aka ɗan taka totur ya hau 13.1. Da na kunna fitilu da fanka ya gangaro 12.4. Motar da ke caji daidai tsakanin 13.8 da 14.4 take zama. Ma'ana, duk daren da na taso daga Samaru na maƙale a cunkoson Kwangila da fitila a kunne, daga cikin batir motar ke ci, ba a mayar masa da abin da kik ya ɗiba da safe ba, balle ƙari. Sanyin asuba kuma yana rage wa batir ƙarfi, man inji ya yi kauri, shi ya sa abin ya fito fili a wannan watan.

Laraba, 8 ga Janairu

Fambel ya yi sanyi, cikinsa ya yi sulɓi yana ƙyalli, ga 'yan tsage-tsage. Na sa sabo, aka ɗaure shi yadda in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ba zai lotsa fiye da santimita ɗaya ba. Kukan da take yi da safe ya tafi. Awo ya ɗan motsa, 13.2. Da sauran aiki.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na kai ta wajen wani dattijo mai wayarin a Sabon Gari. Tun zamanin da ake haɗa Peugeot 504 a Kaduna yake wannan sana'a, kuma yana da haƙurin sauraro, abin da ya sa na zaɓe shi ke nan.

Kafin ya taso daga kan benci, yaronsa ya riga ya ɗauko sifana zai cire kan batir inji yana aiki. Wannan shi ne gwajin da kowa ya sani a gareji: a cire kai, in mota ta mutu altaneta ba ta caji, in ba ta mutu ba tana yi. Na riƙe hannunsa.

"Don Allah ƙanena, bar shi a ɗaure."

"Alhaji, haka muke gwadawa kullum."

Dattijon ya ce masa, "Ajiye sifanar nan. Malam ya fi ka gaskiya. Wannan ba irin motocin da na koya a kansu ba ce."

Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don abin yana damuna. Batir ba ajiyar wuta kaɗai yake yi ba, shi ne ke shanye duk wani tashin wuta a mota. In aka fizge shi altaneta tana tsakiyar aiki, wutar da take turawa ba ta da inda za ta, kafin regileta, mai daidaita ƙarfin cajin, ya farga ta yi tsalle zuwa bolt goma-goma, tana iya dosan 100 na ɗan ƙiftawar ido. Tsohuwar mota mai kafireta ba ta da abin da zai ƙone sosai, shi ya sa dabarar ta samu gindin zama. Motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, a nan take ana iya kashe ƙwaƙwalwar, ko dayod ('yan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) na altanetar da ake cewa ana gwadawa. Sannan gwajin ba ya ma faɗin gaskiya: altaneta mai rauni tana iya riƙe inji a silo ba tare da tana iya cika batir ba. Mutum ya zo da ƙaramar matsala ya koma da babba, kuma ba zai taɓa sanin a ina aka yi masa ɓarnar ba.

Muka fara daga bayan altanetar ba tare da an kwance ta ba. Wayoyi biyu ne. Mai kauri tana kan kusar da aka rubuta wa B+, ita ce ke kai caji. Siririyar tana kan D+, ita ce ta fitilar dashbod, kuma aikinta ya wuce gargaɗi. Ta cikinta ɗan wutan farko ke bi ya shiga altaneta ya tayar da maganaɗisunta. A irin waɗannan motoci in ƙwan nan ya mutu ko wayar ta tsinke, altaneta lafiyayya sai ta ƙi fara caji, ko ta ƙi sai an taka totur da ƙarfi. Altaneta nawa aka jefar saboda ƙwan da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, Allah kaɗai ya sani. Tawa dai wannan ɓangaren lafiya yake, wuta tana isa D+ da an buɗe makulli.

A kan B+ mita ta nuna 13.6, tana rawa, in an kunna fitilu ta zube. Dattijon ya ce a sauke ta.

Ga wanda bai taɓa ganin cikinta ba: akwai dunƙulen da fambel ke juyawa, naɗin waya ne da ke zama maganaɗisu in wuta ta shige shi. Kewaye da shi akwai naɗi uku da ba sa motsi, a cikinsu wutar ke haihuwa, amma mai kai-da-komo ce irin ta gida, batir kuwa ba ya karɓar irinta. Dayod shida ne ke miƙar da ita ta bi hanya ɗaya. Shi kuma regileta yana ƙara ko rage wutar da ke shiga dunƙulen, don kada caji ya wuce kima ko ya gaza. Wutar tana shiga dunƙulen ne ta kan zobba biyu na tagulla, da wasu 'yan gawayi biyu da sifirin ke dannawa a kansu. Samuwar ƙananan dayod masu ƙarfi ce ta sa altaneta ta ture tsohon dainamo, tun daga 1960 da kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa ta a motarsa Valiant, saboda tana caji ko a silo.

Gawayin nan su ne suka cinye. Ɗaya bai kai milimita 5 ba, sifirin ya gama miƙewa, taɓawa kawai yake yi yana saki. Ƙurar hunturu ta cika wurin ta haɗu da baƙin gari. Zobban sun ɗan yi kwari amma da sauransu, aka goge su da samfefa mai laushi. Naɗin dunƙulen ya nuna om 3 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wuta), daidai, kuma bai taɓa jikin ƙarfe ba. Dayod duka shida muka bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana wucewa ta gefe ɗaya da kamar 0.5, yana toshewa ta ɗayan. A irin wannan altaneta gawayi da regileta a haɗe suke, kusa biyu ke riƙe da su, saboda haka guda muka saya muka sa.

Aka mayar, aka tayar. B+ ya nuna 14.3, tsaye cak. Yaron ya fara tattara kaya.

Na ce, "Baba, a ɗan ɗora a kan batir mu gani."

Fitilu da fanka a kunne, 13.3. Dattijon ya sake komawa B+, 14.3. Ya dawo batir, 13.3. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tana bayarwa, ba ya isowa." Magariba ta kawo jiki, muka bar shi sai wani satin.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ban taɓa motar ba yau, amma tunanin bolt ɗin nan bai bar ni ba. Tsakanin altaneta da batir babu komai sai waya mai kauri da mahaɗanta, sai kuma hanyar dawowa ta jikin inji da wayar nagetif. Jiya yaron ya gwada wayar da mita a wurin da take yin ƙara, ta yi ƙara, ya ce waya lafiya. Wannan ƙarar ba ta nuna komai sai cewa wayar ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Silin tagulla ɗaya tak ya isa ya sa mita ta yi kuka, don wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba. Kamar tiyo ne da aka taka da ƙafa: in ɗigo kake turawa zai wuce, in ka buɗe famfo duka sai ka ga randa ba ta cika.

Na yi lissafi a takarda. In muka ƙaddara amfiya 40 ke bi ta wayar lokacin da fitilu da fanka ke aiki batir kuma yana karɓa, asarar bolt ɗaya tana nufin turjiyar om 0.025. Mita irin tawa ba ta iya ganin wannan, wayoyinta ma sun fi haka turjiya. Amma bolt ɗaya sau amfiya 40 wat 40 ne, kuma duk zafi yake zama. Wani wuri a motar nan yana ɗaukar zafin da ya kusa na ƙwan babbar fitila. In haka ne, hannu ma zai iya samo shi.

Abin da ya sa altaneta ba ta ƙara ƙoƙari ta cike giɓin ba shi ne regiletan irin wannan a jikinta yake aunawa. Ya ga 14.3, ya gamsu, bai san abin da ke faruwa a can wajen batir ba. Da yawa daga altanetocin Japan suna da wata waya daban, mai alamar S, da ke zuwa ta jiyo ƙarfin wuta daga kusa da batir. Tawa ba ta da ita.

Nan kuma na gane ja-jan fitilar dashbod. Ƙafarta ɗaya tana ɓangaren batir, ɗayar tana D+. In ɓangarorin biyu sun yi daidai sai ta mutu. In aka samu tazara a tsakaninsu sai ɗan wuta ya ratsa ta, kuma tazarar tana ƙaruwa ne daidai lokacin da aka kunna kaya masu ci. Ashe tun farko motar tana faɗin inda ke mata ciwo.

Talata, 14 ga Janairu

Na koma Sabon Gari da safe. Na gaya wa dattijon abin da nake so mu yi, ya ce ya san gwajin, sai dai ba kowane mai mota ke da haƙurin tsayawa a yi shi ba.

Gwajin ba wuya. Inji yana aiki an ɗan ɗaga shi, an kunna fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta. Mita tana kan bolt. Tsinke ɗaya a kan B+, ɗayan a kan dalmar fozitif ta batir, dalmar kanta, ba maƙalin da ke kanta ba. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ke ɓacewa a hanya. Ta nuna 0.7. Sai tsinke ɗaya a jikin altaneta, ɗayan a dalmar nagetif: 0.3. Ga bolt ɗinmu ya cika. A waya mai lafiya ɓangaren fozitif bai kamata ya wuce kamar 0.3 ba, na nagetif kuwa 0.2 ma ya yi yawa.

Daga nan sai bin sawu, gaɓa-gaɓa. A wannan motar wayar caji ba kai tsaye take zuwa batir ba, tana fara sauka a kan kusar kik, daga can wata ta ɗauka. Daga batir zuwa kik, 0.1. Daga kik zuwa altaneta, 0.6. Dattijon ya kashe inji, ya zura hannu ƙasa yana shafa wayar, sai ya janye da sauri. Kusa da kik akwai wani kumburi da aka naɗe da baƙin tef, ya yi zafi har tef ɗin ya yi laushi.

Muka cire kan nagetif tukuna, don wayar nan kullum da wuta a cikinta ko mota a kashe, kuma sifana in ta haɗa ta da jikin inji narkewa take yi. Da aka warware tef sai ga abin: wani can a baya, kafin motar ta zo hannuna, ya yanke wayar ya ƙara mata guntu, ya murɗe su da hannu kawai ya rufe. Tagullar ta zama kore, rabin silin sun karye, sauran sun yi baƙi. Raina ya ɓaci da na gani, ba don kuɗi ba. Wurin bai fi taki ɗaya da tiyon mai ba, kuma da yara nake yawo a motar nan.

Wayar nagetif kuwa, inda aka ɗaure ta a jikin giyabos notin ya saki, tsatsa da busasshen mai sun shiga tsakani.

Wajen sayen sabuwar waya dattijon ya hana yaron zuwa, ya ce mu je tare. A shagon ya karɓi wayar ya kankare silinta da wuƙa. Ta farko cikinta fari ne, alminiyom ce aka shafa mata ruwan tagulla, ya mayar. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla mai kaurinta, kuma tana saurin ruɓewa a mahaɗi. Muka samu ta tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 16, guda ɗaya ba ƙari, aka matse mata kawuna da abin matsewa, ba a buga da guduma ba. Aka kankare mazaunin nagetif har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaure tam, aka shafa giris a kai bayan ɗaurin.

Awo bayan aiki: ɓangaren fozitif 0.15, nagetif 0.05. Kan batir 14.2 a silo, 14.0 da komai a kunne. Da dare na fita da ita har Kofar Doka na dawo, fitilar dashbod baƙa ƙirin.

Da na bi shawarar farko na sayi altaneta, da gawayi sun zo sababbi, awo ya ɗan tashi, in yi murna, wayar nan kuma tana nan tana dahuwa a ƙasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je Kaduna na dawo da ita. Tafiya mai tsawo irin wannan ita ce ke ba batir damar cika, gajerun zirga-zirgar cikin gari ba sa yi. Da na tsaya na taɓa sabuwar wayar, ɗumin inji kawai ne a jikinta. Na sayi ɗan ma'aunin bolt da ake cusawa a ramin kunna sigari, yana nuna 14.1 a hanya. Ya ɗan bambanta da mita, amma abin da nake so da shi shi ne in ga ranar da lambar ta canza.

Laraba, 22 ga Janairu

Caji ya daidaita, tana tashi bugu ɗaya ko da asuba. Abin da ya rage shi ne batirin kansa. Ya daɗe yana zama rabi-rabi, kuma batirin dalma in ya zauna ba a cike ba wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, wanda caji ba ya narkar da shi duka. Awon safe yana ba ni 12.5, ba 12.6 ba.

Na biya wajen mai caji ya auna nauyin ruwan kowane gida, wanda ke nuna yadda gidan ya ɗauki caji, da ma'auninsa mai ƙwallon roba. Gida biyar suna wajen 1.26, na kusa da fozitif 1.23. In tazarar ta kai 0.05 gidan ya tafi, ba a kai nan ba tukuna. Ya kawo shawarar a zubar da ruwan a zuba sabon asid, na ce a'a. Ruwa ne ke ƙafewa a batir, asid yana nan, saboda haka tataccen ruwa kawai aka ƙara ya rufe farantan. Zan bar masa shi ranar Juma'a ya yi masa caji a hankali, da ƙaramar wuta, ya kwana biyu, sannan a sake auna gidan nan. Maƙalin da ke riƙe batir a mazauninsa ma babu shi, yana ta girgiza a ramukan hanya, dattijon ya ce zai sa a ƙera mini wani kafin in karɓo batirin.